Aiki Daga Gida da Aiki Mai Sassauci: Kama da Wane Ba Wane Ba Ne

Bari mu fara da mutum biyu, mai karatu, sai ka yi mana alƙalanci.

Ta farko tana aiki da wani kamfanin sadarwa, aikinta amsa kiran masu ƙorafi. Ba ta zuwa ofis. Daga ɗakinta take yin komai, kwamfuta a gabanta, abin sauraro a kunne. Amma ƙarfe takwas na safe daidai dole ta shiga manhajar kamfani, ba ta da ikon tashi sai ƙarfe biyar, hutun rabin awar da ake ba ta ma an yanka mata lokacinsa. In ta yi minti biyar ba ta ɗaga kira ba, na'ura ta rubuta, oga ya gani.

Na biyun ma'aikacin jinya ne. Shi kam ba yadda za a yi ya yi wa marar lafiya allura ta waya, dole ƙafarsa ta taka asibiti. Sai dai a sashensu, ma'aikatan ne da kansu suke zama su tsara jadawalin duti na wata. Mai son safiya ya ɗauki safiya, wanda ke da ɗaurin aure ranar Asabar ya yi musaya da abokin aikinsa, ba sai ya je yana roƙon kowa ba.

To, wanne ne a cikinsu yake aiki mai sassauci?

Yawancin mutane za su nuna ta farkon, don kawai tana gida. Mu kuwa na biyun za mu nuna. Ita aiki daga nesa take yi, amma babu sassauci ko kaɗan a cikinsa. Ofis ne aka ɗauko aka ajiye mata a gefen gado. Shi kuma bai taɓa yin aiki daga nesa ba, amma yana da ta cewa a kan lokacinsa. Tun bayan annobar korona ta 2020 aka riƙa cakuɗa kalmomin nan biyu, har a tallan neman ma'aikata, kamar abu ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne, kuma wanda bai rabe su ba yana iya sa hannu a takardar aikin da zai zo yana cizon yatsa.

Tambaya ɗaya da tambayoyi uku

Aiki daga nesa amsar tambaya ɗaya ce tak: a ina ake yin aikin? In ba a harabar ma'aikata ake yin sa ba, a gida ne, ko a shagon da ake hayar tebur da intanet, ko a wani gari can daban, to sunansa aiki daga nesa. Bai ce komai ba game da ƙarfe nawa za ka fara, ko awa nawa za ka yi.

Tsarin aiki mai sassauci ya fi haka faɗi. Yana taɓa abu uku: yaushe ake aikin, awa nawa ake yi, da kuma a ina. A ƙarƙashinsa akwai wanda ake ba shi damar zaɓar lokacin shiga da na tashi muddin ya cika awanninsa. Akwai mai matse awannin mako a cikin kwana huɗu maimakon biyar, ya riƙa daɗewa a ofis amma ya sami ƙarin ranar hutu. Akwai mai yin rabin lokaci da rabin albashi, akwai mutum biyu da suke raba kujera ɗaya, wannan ya yi Litinin zuwa Laraba, wancan ya ƙarasa. Akwai musayar duti irin ta ma'aikacin jinyarmu. Aiki daga gida yana iya zama ɗaya daga cikin waɗannan, amma da sharaɗi: sai in ma'aikacin yana da hannu a zaɓin. Wanda aka rufe ofishinsu aka ce kowa ya koma gida, kamar yadda aka yi wa miliyoyin mutane a 2020, ba sassauci aka yi masa ba. Umarni aka ba shi.

Wannan sharaɗin shi ne ƙashin bayan maganar, kuma za mu yi ta dawowa kansa.

Uwa ɗaya: cunkoson motoci

Abin dariya shi ne, tsare-tsaren biyu matsala ɗaya ce ta haife su, kowanne ya bi hanyarsa.

A 1967, a garin Ottobrunn kusa da birnin Munich na Jamus, akwai wani kamfanin ƙera jiragen sama, wanda daga baya aka sani da Messerschmitt-Bölkow-Blohm. Dubban ma'aikata ne ke tururuwa a kan hanya ɗaya a lokaci ɗaya, kowace safiya ana makara, kowace yamma ana rige-rigen fita. Sai kamfanin ya raba yini gida biyu. Akwai awannin tsakiya da dole kowa ya kasance a bakin aiki, saboda taro da haɗa hannu. Gefe da gefe kuma, safe da yamma, kowa ya zaɓi lokacin zuwansa da na tafiyarsa, ana lissafa masa awanninsa. Jamusawa suka kira abin Gleitzeit, wato lokaci mai zamiya. Lura fa, ba wanda ya zauna a gida. Agogo aka sassauta, ba wuri ba.

Bayan shekara shida, a 1973, shekarar da farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabo a duniya, wani injiniya Ba'amurke mai suna Jack Nilles, a Jami'ar Kudancin Kalifoniya, ya dubi cunkoson birnin Los Angeles ya kawo wata shawara daban. Maimakon a kwashi mutane a kai su wurin aiki, me zai hana a kai musu aikin ta layin waya da kwamfuta? Shi ya ƙirƙiro kalmar da Turawa suka daɗe suna kiran aiki daga nesa da ita. Shi wuri ya sassauta, bai taɓa agogo ba.

Kafin su biyun, abin da duniya ta saba da shi shi ne awanni ƙayyadaddu a wuri ƙayyadadde. Shi ma fa nasara ce da ma'aikata suka sha wuya kafin su samu. Yarjejeniyar farko da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zartar a 1919 a kan haka take: awa 8 a yini, awa 48 a mako a masana'antu. Ka riƙe wannan, don in an ce a sassauta awanni, wani lokaci katangar da ke kare ma'aikaci ce ake rusawa.

Abin da aka gani a Shanghai

Mu masu bincike muna son gwajin da aka raba mutane ta hanyar ƙuri'a, domin shi ne ke ba mu damar cewa wannan ne ya haifar da wancan, ba wai sun zo tare ba ne kawai. Irin wannan gwajin a harkar aiki ba shi da yawa. Ɗaya daga cikin fitattunsa shi ne wanda Nicholas Bloom na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa suka yi a Ctrip, wani babban kamfanin sayar da tikitin jirgi da kama ɗakin otal a birnin Shanghai na ƙasar Sin. An buga sakamakon a 2015.

Ma'aikata 249 na sashen amsa kira, waɗanda suka nuna sha'awa kuma suka cika sharuɗɗa, aka raba su gida biyu bisa ranar haihuwarsu. Kashi ɗaya suka koma aiki daga gida kwana huɗu a mako, sauran suka ci gaba da zuwa ofis. Aka yi wata tara ana auna su. Waɗanda ke gida suka fi na ofis yawan aiki da kaso 13 cikin 100. Kusan kaso 9 ya fito ne daga ƙarin mintocin da suke yi a kan aiki, saboda ƙarancin hutu da ƙarancin ranakun rashin lafiya. Ragowar kaso 4 kuma daga saurin amsa kira, saboda gida ya fi ofis shiru. Yawan masu ajiye aiki a cikinsu ya ragu da rabi.

Wannan adadi na 13 ya zagaya duniya, kuma sau da yawa za ka ji ana kafa hujja da shi cewa "sassauci yana ƙara ƙwazo". Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Ma'aikatan Ctrip na gida lokacin dutinsu bai canza ba ko da minti ɗaya. Jadawali ɗaya suke bi da 'yan'uwansu na ofis, ƙarƙashin shugaba ɗaya, da manhaja ɗaya. Wato su ne matar da muka fara da ita. Abin da gwajin ya auna shi ne canjin wuri kaɗai.

Sannan akwai ɓangaren labarin da ba a cika faɗa ba. Da aka gama gwajin aka ce kowa ya zaɓi inda yake so, kusan rabin waɗanda suka ɗanɗana gida suka ce a mayar da su ofis, da yawansu saboda kaɗaici. An kuma gano cewa in aka kwatanta mutum biyu masu ƙwazo ɗaya, na gida ya fi fuskantar jinkirin ƙarin girma. Wanda ido ba ya gani, ana mantawa da shi. Amma ga abin da ya fi ɗaukar hankalinmu: bayan an bar kowa ya zaɓa, ribar da ake samu daga masu aiki a gida ta haura zuwa kaso 22. Dalili kuwa a fili yake. Waɗanda gida bai karɓe su ba sun koma ofis, waɗanda ya karɓa sun zauna. A wannan matakin ne sassauci na gaskiya ya shigo, kuma shi ya kusa ninka ribar.

Bloom ya sake komawa kamfanin, wanda yanzu ake kira Trip.com, da wani gwajin da mujallar Nature ta buga a 2024. Wannan karon ma'aikata 1,612 ne masu digiri, injiniyoyi da 'yan sashen talla da na kuɗi, aka ba rabinsu damar yin kwana biyu a gida, uku a ofis. Masu ajiye aiki suka ragu da kashi ɗaya bisa uku, kuma a cikin shekara biyu ba a ga bambanci a makin ƙwazo ko ƙarin girma ba.

Me ya sa zaɓi yake da nauyi haka?

A 1979 wani masanin zamantakewa, Robert Karasek, ya kawo wani bayani da har yau ake aiki da shi a fannin lafiyar ma'aikata. Ya ce yawan aiki shi kaɗai ba shi ne ke karya mutum ba. Abin da ke karya shi shi ne aiki mai yawa haɗe da rashin iko a kan yadda za a yi shi. Likitan tiyata da mai ɗaure kaya a layin masana'anta duk suna shan matsi, amma ɗaya yana yanke shawara, ɗayan injin ne ke yanke masa.

Wani dogon bincike da ake kira Whitehall na biyu, wanda Michael Marmot ya jagoranta, ya bi ma'aikatan gwamnati fiye da 10,000 a Landan tun daga 1985. Ya nuna cewa waɗanda ba su da ta cewa a aikinsu sun fi kamuwa da ciwon zuciya, ko bayan an cire tasirin shan taba da hawan jini da makamantansu. A nan sai mu ja maka kunne: wannan ba gwajin ƙuri'a ba ne, bibiyar mutane ce, kuma ikon da aka auna ya haɗa da yadda ake yin aikin gaba ɗaya, ba lokacin shiga da fita kaɗai ba. Don haka kada wani ya ce maka zaɓar lokacin zuwa ofis maganin ciwon zuciya ne. Abin da za mu iya cewa shi ne, jikin ɗan Adam yana bambance nauyin da ya ɗauka da kansa da wanda aka ɗora masa.

Sassauci, amma na wa?

Yanzu ga inda kalmar take yaudara. A Birtaniya akwai wata irin kwangilar aiki da ba a lamunce wa ma'aikaci ko awa ɗaya a mako ba. In akwai ciniki a kira ka, in babu ka zauna a gida ba ko sisi. A Amurka ma, ma'aikatan manyan kantuna da gidajen abinci da yawa ba sa sanin jadawalinsu sai saura kwanaki kaɗan, wani lokaci a soke dutin bayan mutum ya riga ya kama hanya. Kamfanoni suna kiran wannan sassauci, kuma ba ƙarya suka yi ba: mai sassauci ne, amma a gare su. Ma'aikacin shi ne robar da ake ja.

Daniel Schneider da Kristen Harknett sun tattara bayanan dubban irin waɗannan ma'aikata a Amurka, suka buga sakamako a 2019. Sun gano cewa jadawalin da ba shi da tabbas yana tafiya tare da damuwa da rashin barci mai kyau, kuma alaƙar ta fi wadda ke tsakanin waɗannan matsaloli da ƙarancin albashi ƙarfi. Ka yi tunani: uwar da ba ta san ko gobe da yamma tana aiki ba, wa za ta bar wa yara? Yaushe za ta yi alƙawarin zuwa asibiti?

An gwada akasin haka a wasu kantunan tufafi na Gap a biranen San Francisco da Chicago. Aka daidaita lokutan shiga da tashi, aka ba ma'aikata manhajar waya da za su yi musayar duti a tsakaninsu ba sai sun nemi izinin manaja ba. Rahoton da ya fito a 2018 ya nuna ciniki a waɗannan kantuna ya ƙaru da kaso 7 cikin 100. Ga mai ƙaramin albashi, ashe, abin da ya fi buƙata shi ne tabbas tukuna, sannan damar canji a samansa.

Wanda aikinsa ba ya shiga kwamfuta

Dalili mafi girma da ya sa muke nacewa a raba kalmomin nan shi ne, aiki daga nesa na 'yan tsiraru ne. A 2020, masana tattalin arziki biyu a Jami'ar Chicago, Jonathan Dingel da Brent Neiman, sun ƙiyasta cewa kaso 37 cikin 100 ne kawai na ayyukan Amurka za a iya yi gaba ɗaya daga gida, kuma sun nuna adadin yana raguwa sosai a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Direba, tela, mai gadi, ungozoma, makaniki, duk ba su ciki. Wanda ma aikinsa ke shiga kwamfuta, a garuruwanmu sai ya yi lissafin kuɗin data, da man janareta ko sola in an ɗauke wuta, da kuma ko akwai ɗakin da yara ba za su shigo ana tsakiyar taron Zoom ba. Kuɗin da ofis ke kashewa ne ya dawo aljihunsa. Sassaucin lokaci kuwa ba ya buƙatar wuta ko sabis. Takarda da biro da yardar shugaba sun isa.

Mun ga wani abu makamancin wannan a gida. Daga 1 ga Disamba 2021, gwamnatin Jihar Kaduna ta fara komawa mako mai kwana huɗu na aiki: ƙarfe 8 na safe zuwa 5 na yamma, ranar Juma'a kuma ma'aikata su yi aiki daga gida, ban da na makarantu da asibitoci a matakin farko. Bayan cire tallafin man fetur a 2023, jihohin Kwara da Edo suka sanar da rage ranakun zuwa ofis zuwa uku a mako, don rage wa ma'aikata kuɗin mota. In ka auna waɗannan da ma'aunin da muka kawo, za ka ga sun taɓa wuri, sun taɓa lokaci, kuma ma'aikaci yana iya samun sauƙi a aljihunsa. Amma jadawali ɗaya ne aka musanya da wani jadawalin ɗaya, kowa da kowa a kansa. Matar da ta fi buƙatar tashi ƙarfe biyu don ɗauko yara daga makaranta, ita tsawaita yini zuwa biyar ƙarin wahala ne a gare ta.

Ko maganar "kwana huɗu" ma kala biyu ce, kada a ruɗe ka. A Beljiyam, dokar 2022 ta ba ma'aikaci damar neman matse awanninsa na mako cikin kwana huɗu. Awannin ba su ragu ba, an dai cusa su ne. A gwajin da kamfanoni 61 suka yi a Birtaniya daga Yuni zuwa Disamba 2022 kuwa, da ma'aikata kusan 2,900, awannin aka rage, albashi yana nan yadda yake. Kamfanoni 56 sun ci gaba da tsarin bayan gwajin. Sakamako ne mai daɗin ji, sai dai kamfanonin su suka kawo kansu, wato dama masu sha'awar abin ne, don haka ba za a ɗauka kowace ma'aikata haka za ta gani ba.

Inda doka ta shigo

Wasu ƙasashe sun mayar da maganar haƙƙi. A Birtaniya, tun 2003 iyayen ƙananan yara suke da damar neman tsarin aiki mai sassauci a hukumance. A 2014 aka faɗaɗa wa duk wanda ya yi mako 26 a wurin aiki, daga Afrilu 2024 kuma tun ranar da mutum ya kama aiki zai iya nema, sau biyu a shekara, kuma dole a ba shi amsa cikin wata biyu. Haƙƙin nema ne fa, ba haƙƙin samu ba. Mai kamfani yana iya ƙi, amma sai ya dogara da ɗaya daga cikin dalilan da doka ta lissafa.

Faransa kuma ta kalli ɗaya gefen. Idan babu ƙayyadadden lokacin tashi, kuma ofis yana cikin wayar da ke aljihunka, to yaushe aiki ke ƙarewa? Duk wanda oga ya taɓa turo wa saƙon WhatsApp ƙarfe goma na dare da "duba min wannan yanzu-yanzu" ya san zancen. Daga Janairu 2017 doka ta wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata aƙalla 50 su tattauna da ma'aikatansu kan lokacin da mutum ke da 'yancin kashe waya ya ƙi duba imel. Katangar 1919 ce ake sake ginawa da sabon bulo.

Saboda haka, ranar da ka ga tallan aiki an rubuta "mai sassauci", ko shugabarki ta ce daga wata mai zuwa za ki riƙa aiki daga gida, tambayar farko ba "sau nawa zan zo ofis?" ba ce. Tambayi wa ke tsara jadawali, kai ko su, kuma kwana nawa kafin lokaci za ka san shi. Tambayi waɗanne awanni ne dole a same ka, da kuma bayan ƙarfe nawa ne ba laifi in ba ka ɗaga waya ba. In daga gida ne, a faɗa maka wa zai biya data da mai, kuma da me za a auna ka lokacin ƙarin girma, da aikin da ka gama ko da yawan ganin fuskarka a ofis. In an amince, a rubuta a takarda, domin shugaban da ya yi maka alƙawari da baki ana iya yi masa canjin wurin aiki gobe.